Daga Gayya Zuwa Ƙungiyar Shiya: Tarihin Gyaran Unguwa da Isar da Labari a Garin Gummi

1.0 Gabatarwa

 

Mafi yawan abin da aka rubuta game da tarihin ƙasar Zamfara ya ta'allaƙa ne kan sarakuna da yaƙe-yaƙe da ƙaurar fada daga wannan birni zuwa wancan. Wannan ba laifi ba ne, domin da sarauta ake gane gari. Sai dai akwai wani ɓangare na tarihi wanda ba a cika kula da shi ba, wato tarihin yadda talakawa suke gyara wurin zamansu: su wa suka haƙa rijiyar shiya, su wa suke yashe hanyar ruwa kafin damina, kuma ta wace hanya labari yake isa kunnen magidanci da na matar da ke cikin gida.

Wannan maƙala za ta waiwayi wannan ɓangare a garin Gummi, tare da leƙa maƙwabtansa Anka da Bukkuyum. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar shiyarmu, wadda ɗaya ce daga sababbin shiyoyin bayan gari. Dalilin rubutun shi ne ambaliyar shekarar 2024, wadda ta nuna mana cewa gari ya girma ya bar tsarin gyaransa a baya.

2.0 Gummi da Maƙwabtanta

Gummi tana yammacin Jihar Zamfara, kusa da iyakar jihohin Sakkwato da Kabi. Gulbin Zamfara ya ratso ta ƙasar Anka da ta Bukkuyum, ya bi ta gefen Gummi, sa'annan ya zarce ƙasar Kabi inda ya haɗu da gulbin Rima. Wannan gulbi shi ne arzikin garuruwan nan uku, domin fadamarsa ce ke ba su shinkafa da kayan lambu da kifi, kuma shi ne barazanarsu a duk shekarar da ruwa ya yi yawa.

Sarautar Gummi ita ce Sarkin Mafara, ta Anka kuwa Sarkin Zamfara, domin a Anka ne gidan sarautar Zamfara ya zauna a ƙarni na 19, bayan Gobirawa sun ci Birnin Zamfara a ƙarni na 18. Sarkin Mafaran Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, ya hau gadon sarauta a shekarar 2013, bayan ya bar kujerar Babban Jojin Birnin Tarayya, Abuja.

A ƙidayar shekarar 2006, ƙaramar hukumar Gummi tana da mutum sama da 200,000, haka ma Bukkuyum, ita kuwa Anka tana da kimanin 140,000. Ƙaramar hukumar Gummi tana da mazaɓu 11, cikinsu akwai Magaji da Ubandawaki da Shiyar Rafi da Gayari da Falale da Gyalange da Birnin Tudu. Mai karatu zai lura da kalmar shiya, wadda mu mutanen yamma muke amfani da ita a inda mutanen Kano da Zariya za su ce unguwa.

3.0 Gyaran Gari a Zamanin Da

Kafin zuwan Turawa, babu wata ma'aikata da aka ware domin gyaran gari. Aikin yana wuyan mazauna, kuma hanyar yin sa ita ce gayya. Gayya iri biyu ce. Akwai wadda mutum yake kira domin amfanin kansa, kamar noman gona ko ɗaukar jinka ko yaɓen soro, inda mai gayya zai tanadi fura da tuwo da goro, ya kira makaɗa. Akwai kuma wadda shugaba yake kira domin amfanin kowa, kamar gyaran ganuwa da yashe rijiya da share maƙabarta da gyaran masallacin Juma'a da buɗe hanyar mashaya.

Umurni yakan fito daga fada zuwa ga masu unguwanni, mai unguwa ya sanar da magidanta, sarkin samari kuma ya tara matasa. A garuruwa masu ganuwa, kowace shiya tana da ɓangaren da aka ɗora mata, ta yadda idan wuri ya zube an san waɗanda za a tambaya. Wanda ya ƙi fita ba tare da uzuri ba, ba lallai a ci shi tara ba, amma ranar da tasa gayyar ta zo zai ga sakamako. Wannan kunya ita ce ta riƙe tsarin.

Akwai wani abu da ya kamata malamai su bayyana wa ɗalibai, wato amfanin kududdufi. Magabata da ƙasa suke gini, kuma ramin da aka ɗebi ƙasar tubali shi ke zama kududdufi. Idan ruwan sama ya sauka, lunguna sukan kai shi cikin waɗannan ramuka, ya kwanta, ƙasa ta riƙa shan sa a hankali. Ke nan kowace tsohuwar shiya tana da ma'ajiyar ruwanta, kuma dattawa sun san hanyar da ruwa yake bi, ba su barin kowa ya yi gini a kanta.

4.0 Zamanin En'e: Aikin Tilas da Duba-gari

Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na shekarar 1903, Gummi da Anka da Bukkuyum suka zama gundumomi a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Turawa sun tarar da gayya, sai suka juya ta zuwa biyan buƙatarsu: share hanyar mota, gina barikin saukar baƙi, ɗaukar kayan Joji idan ya fito rangadi. A nan ne talaka ya fara bambanta gayya da aikin tilas. Gayya aiki ce da mutum yake ganin amfaninta a ƙofar gidansa, aikin tilas kuwa dogari ne ke tsaye a kansa. Dattawan da na tarar sun sha gaya mini cewa tun daga lokacin ne mutane suka koyi ɓuya idan sun ji shelar aiki.

Zamanin En'e ya kuma kawo duba-gari, waɗanda suke shiga gidaje su leƙa randa da masai da makwarara, su kai ƙarar mai ƙazanta gaban alƙali. An ji tsoronsu ƙwarai, kuma ba a rasa masu wuce gona da iri a cikinsu ba. Duk da haka, a zamaninsu ba a zubar da shara a hanyar ruwa. Illar da tsarin ya bari ita ce, mutane sun fara ɗaukar tsabtar gari a matsayin aikin hukuma.

5.0 Hanyoyin Isar da Labari

Ba a yin gayya sai da labari. A da, hanyar farko ita ce shela. Mai shela yakan bi shiya-shiya, musamman da almuru lokacin da kowa ya dawo gida, ya tsaya a mararraba ya ɗaga murya: Sarki ya gaishe ku, gobe kowa ya fito da fartanya da kwando. Domin muryarsa tana tsallake katanga, matan kulle ma suna ji. Bayansa akwai sanƙira da maroƙa a wurin suna da ɗaurin aure, da liman bayan sallah, da ranar kasuwa wadda take kawo labarin ƙauyuka, da kuma dillaliya da yara masu talla waɗanda suke kai labari cikin gidaje.

Rubutaccen labari na boko ya shigo da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu na shekarar 1939. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga wa larduna jaridunsu, ta Lardin Sakkwato ita ce Zaruma. Malamin makaranta ko malamin hakimi shi ke karantawa a zaure, jama'a na saurare. Majigi ma yakan zo da finafinan tsabta da noma. Sashen Hausa na BBC ya fara a shekarar 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a shekarar 1962. Mutanen Gummi suna da dalili na musamman na riƙe rediyo, domin ta Rediyon Kaduna ne ƙasa duka ta riƙa jin tafsirin ɗan garin, Shehu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a shekarar 1992.

Sai dai jarida da rediyo labarin nesa suke kawowa. Ba za su gaya maka cewa rijiyar shiyarku ta rufta ba. Labarin gida ya ci gaba da zama a bakin mai shela da liman, har lasifika ta shiga masallatai, sa'annan wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, ta iso garuruwanmu bayan 'yan shekaru. Hukumomin lafiya sun san darajar tsohuwar hanya, shi ya sa a yaƙin kawar da shan-inna suka koma ga sarakuna da masu unguwanni da masu shela, har aka tabbatar da kawar da cutar ta asali daga Nijeriya a watan Agusta na shekarar 2020.

6.0 Yadda Gari Ya Fita Bayan Gari

Abubuwa huɗu ne suka faɗaɗa Gummi. Na farko shi ne gyaran tsarin ƙananan hukumomi na shekarar 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato. Gummi ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma, sakatariya da ma'aikata suka zo, kuma a wannan shekara ce aka fara shirin ilimin firamare kyauta, wanda ya ƙara yawan makarantu da malamai masu neman muhalli. Na biyu shi ne ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996, wanda ya mayar da fuskarmu daga Sakkwato zuwa Gusau ta hanyar Daki Takwas da Anka. Na uku shi ne ƙaruwar iyali, domin gidan gado ba ya ɗaukar jikoki. Na huɗu, kuma mafi ɗaci, shi ne rashin tsaro, wanda ya taso mutanen ƙauyuka zuwa manyan garuruwa. A Anka, 'yan gudun hijira har a ginin sabuwar fadar Sarki da ba a kammala ba suka zauna. Bayan hare-haren watan Janairu na shekarar 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wasu ƙarin iyalai sun bar gidajensu.

Dokar mallakar ƙasa ta shekarar 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma. A aikace kuwa, abin da ya fi yawa shi ne magada su sayar da gonar bayan gari, dillali ya zo da igiya ya yanka filaye. Wannan shi ake kira awon igiya. Domin kowane taku kuɗi ne, sai a matse hanya, a ƙi ware filin makaranta ko na maƙabarta, a kuma sayar da kwari da hanyar ruwa ga wanda bai san wurin ba, galibi da rani lokacin da ko'ina a bushe yake.

Kayan gini ma sun sauya. Bulo ya maye gurbin tubali, saboda haka ba a haƙa sabon kududdufi, tsofaffin kuma ana cike su da shara a yi gini. Rufin kwano da daɓen siminti ba su shan ruwa, sai su tura shi waje gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Leda kuma ta toshe 'yar magudanar da ke akwai. Ga kuma babbar matsala: a tsohuwar shiya kowa ɗan'uwan kowa ne, a sabuwa kuwa ma'aikaci ne da ɗan kasuwa da manomin da ya gudo daga ƙauye, babu sarkin samari, wani lokaci ma ba a san mai unguwar da ke da iko da wurin ba.

7.0 Ƙungiyoyin Taimakon Kai da Kai

Wannan giɓi ne ƙungiyoyin shiya suka zo cikewa. Gwamnatoci sun ƙarfafa su a lokuta daban-daban. Shirin yaƙi da rashin ɗa'a na shekarar 1984 ya kawo ranar tsabtace muhalli. Hukumar DFRRI ta shekarar 1986 ta nemi jama'a su kafa ƙungiyoyin raya ƙasa domin ayyukan hanya da ruwa. Shirin CSDP, wanda aka fara a shekarar 2009 da tallafin Bankin Duniya, ya gindaya cewa al'umma ce za ta zaɓi aikinta, ta kuma kawo kashi 10 cikin 100 na kuɗin, ko da kuɗi ko da kayan aiki ko da ƙarfin jiki. Idan aka duba da kyau, gayya ce aka sa wa littafi da ma'aji.

Ƙungiyarmu a ƙofar masallaci aka kafa ta bayan sallar isha'i. Mun yi abubuwan da ba mu jin kunyar faɗa: mun cike ramukan hanya da marmara, mun sayi turakun lantarki, mun gyara famfon tuƙa-tuƙa duk lokacin da ya lalace, mun ɗauki masu gadin dare, mun kuma kewaye makarantar Islamiyya. Amma akwai kuskuren da muka yi wanda nake ganin wajibi ne in rubuta.

Akwai wani kwari a tsakiyar shiyarmu da ke hana mu wucewa da damina. Muka yi karo-karo domin gina kwalbati. Da kuɗin suka kasa, sai muka amince a rage faɗinsa, aka kuma karkata bakinsa zuwa gangare. Wani dattijo da ya noma wurin tun yana saurayi ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ku bar ruwan nan shi bi inda ya saba. In kun matse shi, gidan wani za shi." Na ce, "Baba, ai magini ya auna." Ya yi shiru, bai ƙara ba.

Waɗanda ke zaune a gangaren baƙi ne da suka gudo daga ƙauye, cikinsu da zawarawa masu marayu. Ba mu gayyace su taro ba. Ba da mugunta muka yi haka ba. Sanarwar a dandalin WhatsApp na ƙungiya muka sa ta, muka kuma faɗa a masallacinmu, su kuwa ba su da babbar waya, ba su kuma sallah tare da mu. Da damina ta kankama, ruwan da muka kawar daga ƙofofinmu ya rushe musu katanga da ɗakuna. Mai shela na da, da ya bi ta wurin, da sun ji, da kuma sun zo sun faɗi abin da suka gani. Dole muka sake karo-karo, muka fasa abin da muka gina, muka je muka ba su haƙuri.

8.0 Darussa Daga Shekaru Uku

Shekarar 2010. A watan Maris na wannan shekara aka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. Yara sun daɗe suna mutuwa kafin labari ya kai inda za a ɗauki mataki. Maganin da aka yi ya haɗa da gyaran muhalli: aka kankare ƙasar saman tsakar gidaje aka zuba sabuwa, aka fitar da injinan niƙa daga cikin gari da taimakon sarakuna, sa'annan likitocin ƙungiyar MSF suka yi wa yara magani. Aikin Bagega sai a shekarar 2013 aka yi shi.

Shekarar 2021. A farkon watan Satumba aka rufe layukan waya a duk faɗin Jihar Zamfara, aka kuma dakatar da kasuwannin mako saboda matsalar tsaro. Makonni da dama babu waya, babu kasuwa. Sanarwar rasuwa da ta ɗaurin aure suka koma bakin liman da ɗan aike da direban mota. Shiyoyin da ke da mai unguwa tsayayye da masallaci mai haɗa jama'a ba su sha wahalar da sababbin shiyoyi suka sha ba.

Shekarar 2024. A watan Agusta ruwa ya ci dubban gidaje a Gummi da kewayenta, har Gwamna Dauda Lawal ya zo jaje. A watan Satumba kuma kwalekwale ɗauke da manoma masu zuwa gonakinsu ya kife a gulbi kusa da gari, aka yi asarar rayuka masu yawa. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ruwa irin na wannan shekara ya fi ƙarfin kwalbatin ƙungiya, kuma manyan magudanai da gada aikin gwamnati ne. Amma wanda ya zagaya bayan ruwan ya janye ya ga cewa ɓarna ta fi tsanani a inda aka yi gini cikin kwari da inda aka toshe hanyar ruwa. Ya kuma ga cewa waɗanda suka fara ciro mutane da kaya cikin dare maƙwabta ne, tun kafin wani taimako ya iso daga waje.

9.0 Shawarwari

Na farko, masarauta da ƙaramar hukuma su haɗu su tabbatar kowace sabuwar shiya tana da mai unguwa sananne, kuma kada a yanka gona sai an fitar da hanya da magudana da filin makaranta da na maƙabarta.

Na biyu, a rubuta sunayen kududdufai da hanyoyin ruwa da suka rage, a hana sayar da su. Dattawan da suka san su suna ƙarewa.

Na uku, duk sanarwar da ta shafi shiya a bi da ita ta hanya uku: waya da masallaci da mai shela. A kuma sami wakiliya daga cikin mata da wakili daga cikin baƙi a kowace ƙungiya.

Na huɗu, ma'aji ya riƙa karanta lissafi a bainar jama'a, domin zargin cin kuɗi ya kashe ƙungiyoyi fiye da yadda talauci ya kashe su.

Na biyar, ga 'yan'uwana malamai: ku ba ɗalibai aikin gida su tambayo kakanninsu wa ya haƙa rijiyar shiyarsu, ina ruwa yake bi a da, wace shekara aka fara gini a wurin. Ku adana amsoshin a makaranta, ku aika wa Hukumar Tarihi da kwafi.

10.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun gyaran shiya a Gummi tun daga gayya, zuwa aikin tilas da duba-gari na zamanin En'e, har zuwa ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Ta kuma nuna cewa a kowane zamani aikin yana tafiya ne gwargwadon yadda labari yake isa ga kowa. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai an kira masu hannun kafin su zo. Littafin ƙungiyarmu yana nan, da sunayen waɗanda suka ba da kuɗi da waɗanda suka ba da ƙarfi, da kuma shafin da muka rubuta kuskurenmu, domin waɗanda za su gaje mu su karanta kafin su gina nasu kwalbatin. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, amin.